Shawarwarin da muka tattara kan saƙar kayan sanyin jarirai

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a tsakar gidan Inna, kowa da kwarashinta, hira ta gangaro kan kayan sanyin jarirai. An fi nanata lokaci: a fara tun damina ba ta ɗauke ba, hula da safa su kammala kafin hunturu ya kankama a Disamba.

An daɗe a kan zare. Inna ta ce a goga ulu a wuya tun a shago, in ya yi ƙaiƙayi bai dace da fatar jariri ba. A kuma sayi wanda zai isa aikin a lokaci guda, don shuɗin yau da na wata mai zuwa ba lalle su zo ɗaya ba. Ni kaina abin ya taɓa samuna, hannun riga ɗaya ya fi ɗayan duhu, dole na warware.

Wanki da ruwan sanyi, a shimfiɗa a inuwa, ratayewa kan sa rigar ta saki. Maɓalli a ɗinke shi gam, jariri komai baki yake kaiwa.