Uncle Tom's Cabin: ya yaƙi bauta, amma ya ɗauki baƙar fata cikakken mutum kuwa?

Autar Gida: Salamu alaikum. Jiya na ƙarasa littafin Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, wallahi har hawaye na yi amma wani abu ya tsaya min a rai, ni dai a ganina matar nan ta tsani bauta amma ba ta ɗauki baƙi daidai da Bature ba.

Kawu: Auta bi a hankali. A 1852 fa ya fito, shekara biyu bayan dokar 1850 da ta tilasta wa mutanen arewacin Amurka su taya kamo bawan da ya gudu a mayar wa ubangidansa. Shekarar farko kawai kwafi wajen 300,000 aka sayar a Amurka, mutanen da ko gonar auduga ba su taɓa gani ba a nan suka ga wata baiwa Eliza rungume da ɗanta tana tsallake kogin Ohio a kan ƙanƙara don kar a sayar mata da shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Anti Malama: Kawu ba wanda ya ce ba ta yi aiki ba, amma don Allah duba wa ta ba basira da zuciya. George Harris da matarsa Eliza masu jinin Turawa ne, fatarsu da haske har George ya sauka a masaukin farare ba a gane shi ba, shi ne ya ƙera injin a masana'anta, shi ne ya ɗauki bindiga ya kare iyalinsa. Baƙaƙe wuluk kuma sai haƙuri da halin yarinta, kuma ita marubuciyar da bakinta take ta maimaita cewa wai haka ɗabi'ar ɗan Afirka take, to a ƙarshe ma George ɗin Laberiya ta tura shi kamar Amurka ba ƙasarsa ba ce alhali guminsu ne ya gina ta. James Baldwin, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, ya caccaki littafin tun 1949.

Ɗan Sabongari: Anti ni wajen Tom ne ban yarda ba. Mutumin da mugun ubangidansa Legree ya ce ya yi wa wata baiwa bulala ya ce ba zai yi ba, aka ce ya faɗi inda Cassy da Emmeline, bayi mata biyu da suka gudu, suke ya ƙi har aka kashe shi da duka, wannan ne matsoraci? Masu wasan kwaikwayo ne daga baya suka mayar da shi tsoho ɗan amshin shata har sunan ya zama zagi.

Kawu: Yawwa. Kuma ku tuna Ophelia, Baturiya 'yar arewacin Amurka mai ƙin bauta amma tana ƙyamar ƙaramar baiwa Topsy ta taɓa jikinta. Wadda ta rubuta haka ta san ciwon.

Autar Gida: Kawu wannan ɗin ne ma ya fi yi min zafi, ta hango shi a jikin Ophelia amma ba ta gan shi a alƙalaminta ba.

Anti Malama: Shi ya sa ni ba na ba ɗalibaina shi shi kaɗai, sai na haɗa musu da na Frederick Douglass na 1845, wanda bulalar a bayansa ta sauka kuma ya rubuta da hannunsa. Akwai ma Mahommah Baquaqua ɗan Djougou a ƙasar Benin ta yanzu, mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, aka kai shi Brazil a bawa, ya kuɓuta a New York a 1847, tarihinsa ya fito a 1854.

Kawu: Na yarda a haɗa, amma kar a jefar da na Stowe, ni har yanzu ina ganin alherinsa ya fi yawa.

Autar Gida: Bakatsiniya fa kika ce Anti? Don Allah ki taho min da shi ran Juma'a in za ki zo gida.