Kyautar da ba a karɓa ba kafin rasuwa

A rigingimun gado kan kyautar da mamaci ya yi kafin ya rasu, magana ta fi karkata kan hauzi, wato karɓar abin a hannu. A mazhabar Malikiyya, idan uba ya ce ya ba ɗansa gida, amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, kyautar ta ɓaci, gidan ya koma gado. A nan yawancin rigingimun suke tashi, domin ɗan yana riƙe da maganar baki, 'yan'uwansa kuma suna kallon wanda mabuɗi yake hannunsa.

Don haka mai kyauta ya yi ta yana da lafiya, ya rubuta, ya sa shaidu biyu adalai, ya fita daga gidan, ya sauya suna a takardun mallaka. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali hukuncinta na wasiyya ne: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba ta halatta ga magaji sai sauran magada sun yarda.

Kafin rabo, a fara fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya. Kada a jinkirta rabon, domin magaji ɗaya na rasuwa lissafi ya zama biyu.