Ku da ba ku da addini, me ke riƙe ku idan duniya ta yi zafi?

Baƙon Bolari: Jama'a barkanku da dare. Na daɗe ina karanta ku a nan ban taɓa cewa uffan ba. Ni ɗan Gombe ne, ban yi aure ba, kuma shekaru ke nan imani ya fita daga zuciyata, babu wanda ya sani a gidanmu, ina bin sahu kamar kowa. Baba ya rasu bayan ƙaramar sallah, Inna kuma ƙoda ta sa ta gaba ana mata wanki, ni ke kai ta ni ke biya tunda shagona na gyaran waya shi ke riƙe da gidan. Duk wanda ya zo sai ya ce in yi haƙuri in dage da addu'a, na san da zuciya ɗaya suke faɗa amma maganar ba ta ratsa ni, barci ma ya gagare ni. Shawara biyu ce a gabana, ko in zaunar da yayana in faɗa masa abin da ke raina don mun shaƙu sosai, ko in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, me ya riƙe ka? Kuma nawa ne ganin likitan? Ku taimaka kada a ce min in bar gari, ba zan bar Inna ba.

Ɗan Kumo: Ɗan'uwa tattara ka koma Abuja ko Legas kawai, can babu mai sa maka ido.

Maman Biyu: Sannu ƙanina, ya ƙarin haƙuri. Ni dai ka fara da matarka, mace in tana son ka za ta rufa maka asiri.

Baƙon Bolari: Anti na ce ban yi aure ba. Ɗan Kumo ka sake karanta ƙarshen maganata.

Tsohon Malamin Firamare: Kada ka kuskura ka faɗa wa yayanka. Kada. Ni ma da ƙanina muke uwa ɗaya uba ɗaya, ni na biya masa kuɗin makaranta, ranar da ɗana na fari ya rasu raina ya yi baƙi na ce masa ni fa ban ƙara yarda da komai ba, ya rungume ni muka yi kuka tare. Bai yi da mugunta ba, tsoro ya ji, ya je ya faɗa wa kawunmu wai a taimake ni, kafin sati ya zagayo surukaina sun zo sun kwashe matata da 'yata sun ce aure ya mutu tunda na yi ridda. Aka kawo mai ruƙiyya aka danne ni ana min hayaƙi ana cewa aljanin ya fita, makarantar da nake koyarwa iyaye suka ce ko ni ko 'ya'yansu. Yau 'yata ta isa shiga sakandare, a hoto nake ganin ta.

Mai Shayi: Kai subhanallahi. Ni dai ƙarfin gwiwata indomi da ƙwai biyu ne, duk wanda duniya ta dama ya zo teburina a Wunti, bashi ne kawai babu.

'Yar Azare: Mai Shayi ana maganar rai kana tallan indomi. Baƙo, Malam ya faɗa maka gaskiya. Mubarak Bala ma ai danginsa ne suka kai shi sashen masu taɓin hankali a Kano a 2014 da ya ce ya bar addini, daga baya aka kama shi a Kaduna a 2020, kotu ta ba shi shekara 24 a 2022, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 5. Nan Bauchi kuma Rhoda Jatau, Kirista ce ma, saƙon WhatsApp kan kisan Deborah, ɗalibar nan da aka kashe a Sakkwato, ya sa ta kwana a tsare fiye da shekara ɗaya kafin a wanke ta. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin canza addini, amma takarda ba ta tare dutse.

Abin da ya riƙe ni lokacin da mahaifiyata ke jinya kuwa, na daina tambayar kaina me muka yi aka jarabce mu. Da can har lissafin zunubaina nake da dare. Da na gane hawan jini ne da suga suka cinye mata ƙoda, ba laifina ba ne ba laifinta ba ne, sai wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, abin da ya rage aiki ne kawai, magani a kan lokaci, rage gishiri, a zauna kusa da ita ana hira. Idan ba ka jiran wata haɗuwa a gaba to yammacin yau da kake matsa mata ƙafa shi ne duka abin da kake da shi, kuma wannan tunanin bai karya ni ba, shi ya hana ni ɓata lokaci.

Abu Hanan: Ni Musulmi ne kuma ba zan ɓoye ba ina maka fatan dawowa. Amma ba wa'azi na zo yi ba. Mu ma masu sallah barci na gagarar mu idan uwa na kwance. Ka raba aikin, ka ce wa yayanka na gaji ka karɓi kai ta asibiti wani lokacin, wannan ba sai an taɓo aƙida ba.

Ɗan Kumo: Malam tambayar ba taku ba ce, ya ce waɗanda ba su da addini.

Abu Hanan: To kai da tambayar take taka me ka ba shi ban da kuɗin mota? Ni na yi jinyar uba, kai wa ka yi jinya?

Tsohon Malamin Firamare: Ku bar Abu Hanan, ranar da kowa ya guje ni wani ladan ne yake aiko min da tuwo a ɓoye. Amma dai wanda bai rasa mata da 'ya ba ya yi min shiru kan maganar yaya. Ni abin da ya tashe ni tsaye gona ce, na karɓi aron fili wajen Dadin Kowa ina noman rani, jiki ya gaji dole barci ya zo. Sai karatu, akwai wani Epictetus, bawa ne a zamanin Rumawa kafin ya zama malami, koyarwarsa ita ce ka ware abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Dawo da matata ba ya hannuna, ban ruwan tumatir yana hannuna. Har yau wani daren sai na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba.

Nas Mai Dutin Dare: Bari in amsa tambayar kuɗin tunda kowa ya tsallake ta. Asibitin koyarwa na Gombe da na Bauchi duk suna da sashen ƙwaƙwalwa, ka yanki kati ka ga likita ya tura ka can, ni wanda na raka bai kashe dubu biyar ba ban da magani. Ba dole ka yi maganar addini ba, ka ce rasuwa ce da jinya da rashin barci, kuma sirrin mara lafiya amana ce a aikinmu. In har ka fara jin gara ka mutu to kada ka jira gobe, ka je a daren.

Maman Biyu: Dubu biyar a ina? Ni dubu ashirin na biya zama ɗaya, ta waya ma.

Ɗan Kumo: Ni an ce min kyauta ne.

Nas Mai Dutin Dare: Anti ke mai zaman kansa kika kira. Ɗan Kumo wa ya ce maka? Kana jin abu a majalisa kana kawowa.

'Yar Azare: Amanar nan fa Nas, a garin da mai yankan kati ɗan unguwarku ne? Ya je Bauchi ya fi masa. Baƙo nawa kuke biyan wankin? Gwamnatin tarayya ta ce ta sauke shi daga 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta a 2025, na Azare na ciki.

Baƙon Bolari: Na gode muku, Malam labarinka ya girgiza ni. Mu dai inda muke zuwa ya haura dubu arba'in, ga allurar ƙarin jini daban. Har yanzu ban yanke ba kan Yaya, don shi ba irin mutanen nan ba ne.

Tsohon Malamin Firamare: Nawa ƙanin ma ba irinsu ba ne.

Maman Biyu: Ni masu ruƙiyyar nan ne ke ƙona min rai. Ƙanwata bayan haihuwa ta daina magana ta daina cin abinci, aka ce iska ce, mutumin ya karɓi rago da kuɗin zuma da habbatus sauda, yana ta dukan ta da bulala tana jego fa, ƙarshe magani na asibiti ne ya dawo da ita.

Abu Hanan: Wannan ba ruƙiyya ba ce, damfara ce, ba a ce a doki kowa ba.

Mai Shayi: Rago guda? Ashe na zaɓi sana'ar da ba ita ba. Anti a ina yake zaune, ko yana neman yaro?

Maman Biyu: Ya tashi daga unguwar, an ce har mota ya saya. Kuma har yau mijinta cewa yake shi ya warkar da ita.