Rumfar hoto: neman suna ga abin da muka kafa ranar kamu

Jama'a, salamu alaikum. Neman kalma ne ya fito da ni yau, kuma zaren zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni. Abin nan da Turawa ke kira photo booth, wanda 'yanmatanmu suka mayar fotobut, mene ne sunansa da Hausa? Ina da amsar da na tsaya a kai, amma bari in fara da yadda tambayar ta same ni.

Watan jiya aka yi bikin ƙanwata. Ƙawayen amarya suka dage sai an tanadar musu wurin ɗaukar hoto a wajen kamu. Na tambayi masu ƙawata wurin biki, kuɗin hayar da suka faɗa ya fi ƙarfinmu, ga kayan ɗaki ga gara suna jira. Sai na ce da hannuna zan haɗa.

Na je layin masu kayan famfo na sayi fayif ɗin roba mai kaurin inci ɗaya. Aka yanka mini biyu masu ƙafa bakwai na tsaye, ɗaya mai ƙafa bakwai na gicciye, da elbo biyu na haɗa su a sama. Mai shagon yana yanka yana kallona, can ya ce, "Hajiya, wannan ba aikin ruwa ba ne, me za a yi da shi?" Na buɗe baki na rasa kalma. Na ce wani wuri ne da za a rataya ƙyalle a baya, a ajiye waya a gaba, mutane su zo su tsaya su ɗauki kansu hoto ba tare da mai hoto ba. Jimla guda cur don abu ɗaya. Ya ajiye zarto ya ce, "Au, rumfa za ki kafa."

A lokacin ban yarda da shi ba. A raina na ce rumfa ai sai da rufi, nawa kuwa ba rufi. Zan dawo kan wannan.

Ƙafafun na cusa su cikin bokitan fenti biyu na cika da yashi. Da farko rabin bokiti na zuba, iska ɗaya ta kaɗo ta kwantar da komai a tsakar gida, don ƙyallen da aka shimfiɗa a tsaye yana tare iska kamar tabarmar da aka jingine. Sai da na cika su fal na danne da dutse. Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo: na rataya turamen atamfa biyu na mahaifiyarmu, masu kyau, ba tare da na yanka ba, na ninka kowanne a kan fayif ɗin sama. Da muka gwada da wata ƙawar amarya sanye da anko, sai ta ɓace a ciki. Zane a kan zane, ido ya rasa inda mutum ya ƙare inda bango ya fara. Duk mai shirin yin wannan a bikin da za a yi anko, ya nemi ƙyalle mara zane. Mu farar shadda muka koma, muka zagaye samanta da balan-balan, shi ke nan atamfar kowa ta fito.

Saura kaɗan ne. Fitilu masu caji guda biyu a gaba, dama da hagu, an lulluɓe kowacce da farin mayafi mai shara-shara don kada hasken ya doki fuska. Kada fitila ta zauna bayan mutum, baƙi ƙirin zai fito. Waya a kan sandarta daidai tsayin ido, da ɗan rimot da ake riƙewa a tafin hannu. Na manna salatif a ƙasa, taku ɗaya daga shaddar, don a san inda za a tsaya inuwa ba ta faɗa bango ba.

To, sunan.

Wasu za su ce a bar shi fotobut. Ni ba na gaba da aron kalma. Hoto kansa aro ne, bakinmu ne ya mayar da shi namu, har muka yi masa jam'i muka ce hotuna. Intanet da yanar gizo suna zaune tare lafiya, kowa na ɗaukar wanda ya zo masa. Amma aro yana zama dole ne idan babu abin a gida. Fotobut bai gaya wa gwaggona komai ba. Da ta ji yara na faɗa, tambayarta ita ce, "But ɗin wace motar?" Kuma tana da gaskiya, but ɗin da kunnen Bahaushe ya sani na bayan mota ne.

Wani malami da na tuntuɓa ya ce akwatin hoto. Na daɗe ina juya wannan, don yana da tushe. Muna da akwatin rediyo, akwatin talabijin, akwatin zaɓe. Kuma asalin abin akwati ne da gaske. A shekarar 1925 wani mutum ɗan asalin Rasha mai suna Anatol Josepho ya kafa na'urarsa a titin Broadway na birnin New York, ya sa mata suna Photomaton. Mutum ya shiga ya zauna, ya jefa santi 25, na'urar ta ɗauka ta wanke da kanta, cikin kamar minti goma ta turo masa hotuna takwas a jere kan siririn kati. A wata shidan farko mutum dubu 280 suka shiga, kuma a 1927 ya sayar da haƙƙin ƙirƙirar tasa dala miliyan ɗaya. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu da Faransanci sun san sunan, domin a Faransa photomaton ya tashi daga sunan kamfani ya zama sunan da ake kiran duk irin na'urar. Mutanen Japan kuwa, da irin tasu mai fitar da 'yan hotunan mannawa ta fito a 1995, sai suka gutsure sunanta na Turanci, wato Print Club, suka lanƙwasa shi daidai bakinsu, suka ce purikura. Kowa ya nema wa abin suna a gidansa.

Saboda haka, Malam, na karɓi akwatin hoto, amma ga waccan na'urar: mai bango, mai kujera, mai labule, wadda ake sa wa kuɗi ta fitar da hoton fasfo. Abin da na kafa a tsakar gidanmu ba akwati ba ne. Ba shi da murfi, ba shi da ciki, mutum takwas sun tsaya a gabansa lokaci ɗaya.

Ɗakin hoto ya riga ya yi mai shi, studiyo ke nan. Bukkar hoto ta yi rufi da yawa, kuma da an faɗa hankali zai tafi gona ko ruga. Dandalin hoto ya yi faɗi, za a zaci wani shafi ne a kafar sada zumunta. Kusurwar hoto fassara ce tsagwaronta, ana jin Turancin yana motsi a ƙarƙashi. Lungun hoto kuwa, ba uwar da za ta so a ce 'yarta na lungu ranar biki.

Nan na koma wa maganar mai fayif. Me ke sa abu ya zama rumfa a bakin Bahaushe? Ana kafa ta da sanduna. Ana yafa mata abin da ya samu, zana ko buhu ko tamfol ko ƙyalle. Gabanta a buɗe yake. Ana yin ta don wata hidima, idan hidimar ta ƙare a kwance ta. Duk waɗannan sun hau kan abin da na haɗa kamar an gwada. Har aikatau ɗin ma nata ne: ban taɓa cewa na gina ba, ban ce na ƙera ba, tun ranar farko kafawa nake cewa, ban ma lura ba. Bakina ya riga kaina sanin sunan.

Rufin fa? Abin da ya warware mini shi ne rumfar zaɓe. Duk wanda ya taɓa bin layin jefa ƙuri'a ya san sau da yawa tebur ne kawai a gindin bishiya ko a barandar makaranta, da ɗan abin kariya inda ake dangwale. Ba wanda ya taɓa cewa ba rumfa ba ce don ba ta da rufi. Kalmar ta riga ta miƙe daga inuwa zuwa wurin da aka keɓe na ɗan lokaci don wani aiki. Ba mu muka miƙar da ita ba, mun tarar da ita a haka.

Akwai ƙorafi ɗaya da na ɗauka da muhimmanci. Wata 'yar'uwa ta ce, "Yaya, idan kika ce rumfar hoto ai za a zaci ta masu ɗaukar hoton fasfo ce a bakin sakatariya." Ƙanwata, waccan rumfar mai hoto ce. Saurari bambancin: rumfar mai shayi, rumfar mai nama, rumfar mai hoto, duk akwai mai ita zaune a ciki. Tamu an cire mai, kuma cire shin nan shi ne dukan ma'anar abin. Ba mai hoto. Ke ce mai ɗauka, ke ce wadda ake ɗauka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, shi ya sa ma nake son sunan ya zauna. Kamu taron mata ne. Sau nawa aka kawo mai hoto namiji, mata suka kama jan mayafi, manya suka koma gefe, hotunan suka fito kowa a takure? Ranar nan na ga gwaggon nan tawa, wadda ba ta tsayawa gaban kowane mai hoto, ta ja amarya ta riƙe rimot da kanta, ta danna sau huɗu tana dariya. Wayar tawa ce, a hannuna ta kwana, kowa na tura mata nata ita kaɗai, kuma ba a ɗora na kowa a ko'ina ba sai da izininta. Abin da zai yi wa mata irin wannan amfani ya kamata a iya kiransa da sunan da iyayenmu za su gane tun jin farko.

Ku gwada ta a baki. Amarya tana rumfar hoto. Wa zai kafa mana rumfar hoto ranar suna? Sun yi rumfunan hoto biyu, ɗaya ɓangaren maza ɗaya na mata. Ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Idan ana son fayyacewa a rubuce, kamar a katin gayyata, a ce rumfar ɗaukar hoto, amma na san baki zai gajarta ta.

Biyu suka rage mini. Ƙyallen bayan nan, ni labulen baya nake ce masa, ko da yake ba ya rufe ƙofar komai. Sai 'yan tarkacen da ake riƙewa a hoton, irin kwalin da muka yanka muka rubuta "Ƙawar amarya" da "Dangin ango" muka manna a tsinken tsire. Yaran gidanmu 'yan riƙe-riƙe suke ce musu, kuma har yanzu ban ji wanda ya fi shi ba. Masu sana'ar ƙawata wurin biki, da 'yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku me kuke kiran waɗannan biyun a wajenku?