Waɗanda kuka zauna a Japan, yaya Japananci ya kama bakinku?

Ɗan Zazzau mai shirin tafiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Cikin ikon Allah na samu gurbin karatu na gwamnatin Japan, wanda ake kira MEXT, kuma a watan Oktoba zan tashi. Bincike zan yi a kan noman shinkafa, da Turanci za a yi karatun. Wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina da Japananci tun daga gida, wai ina sauka harshen zai shige ni da kansa, kamar yadda baƙo kan zo Kano ya shekara a Kantin Kwari ya tashi da Hausa a bakinsa. Hankalina bai kwanta da maganar ba. Don Allah waɗanda suka zauna can, kowa ya faɗa mini yadda ta kasance da shi.

Bakano a Sendai

Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ƙanena. Baƙon da ke koyon Hausa a Kwari dole ce ta sa shi, don in bai yi ciniki ba ba zai ci abinci ba. Kai kuwa a Japan za ka iya shekara biyar dolen nan ba ta same ka ba. Tikitin jirgin ƙasa na'ura ce ke sayar maka, a kanti ka ɗora kaya ka biya ba ka ce uffan ba, a ɗakin bincike kowa na yi maka Turanci.

Haka ta faru da ni. Na yi wata shida na darasin harshe da ake ba masu irin gurbinmu, na fito da gaisuwa da ƙirga. Daga nan na shige ɗakin bincike, safe zuwa dare, abokan hirata 'yan Indonesiya da 'yan Masar, in na dawo gida in kira Kano. Bayan shekara biyu abin da na koya ma ya soma zubewa. Ranar da takardar inshorar lafiya ta zo daga ofishin gunduma na kasa gane ko kuɗi ake bina ko sanarwa ce kawai, ranar na ji abin ya dame ni ƙwarai.

Abin da ya juya lamarin aikin konbini ne, wato ƙananan kantunan nan da ba sa rufewa dare da rana. Ɗalibi yana da izinin aiki har awa 28 a mako in ya nemi takardar izini. Makon farko jimloli biyar kawai nake juyawa: irasshaimase in mutum ya shigo, atatamemasu ka in ya ɗauko abinci, wato in ɗumama maka? Tun da aka soma sayar da leda a watan Yulin 2020 sai aka ƙara tambayar ko yana son leda. Amsar ce wahala, domin daijoubu desu na iya zama e, na iya zama a'a, sai ka dubi hannun mutum da fuskarsa. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa kowace asuba ta sayi madara da jarida, ba ta tafiya sai ta yi mini zancen sanyi ko ruwan sama. Wata uku ina cewa sou desu ne kawai, kamar yadda muke cewa haka ne. Wata rana na ji na ba ta amsa da jimla cikakkiya ban shirya ta a kaina ba. Har yau ina yi wa baiwar Allah nan fatan alheri.

Maman 'yan biyu, Nagoya

Sannu Malam. Ni miji na biyo, ba karatu ya kawo ni ba, don haka ba wanda ya ba ni darasin wata shida. Harafin kanji, wato baƙaƙen rubutunsu masu ɗauke da ma'ana, na farko da na sani a duniya shi ne 豚, alade. Na biyu 酒, giya. Sai mirin da ake zubawa a miya, shi ma akwai giya a cikinsa. Watannin farko nakan tsaya a kanti da waya a hannu ina duba bayan kowane ƙunshi, har yaran su gaji su soma kuka. Yanzu ido kawai nake kaiwa.

Amma ainihin makarantata littafin da ake kira renrakuchou ne. Da muka sa yara a gidan renon yara, kullum malama za ta rubuto abin da suka ci, barcin da suka yi, wanda ya yi rigima. Ni ma dole in rubuta zafin jikinsu da yadda suka kwana. Da farko maigida ke rubutawa. Da ya yi tafiya ta mako uku sai abin ya dawo kaina. Na riƙa kwafar jimlolin malamar ina sauya kalma ɗaya ɗaya. Ita kuma da ta lura, sai ta koma rubuta mini da hiragana zalla, wato sauƙaƙan baƙaƙensu na sauti, in ta sa kanji ta ɗora karatunsa a sama da ƙananan baƙaƙe. Ba ta taɓa ce mini ga abin da take yi ba. Littattafan nan guda huɗu suna cikin akwatina, ba zan yar da su ba.

Sai asibiti. Likita zai tambaye ka irin ciwon: zuki-zuki ne, mai bugawa, ko kiri-kiri, mai suka, ko muka-muka, tashin zuciya. Da na gane tsarin sai na ji kamar a gida nake, don mu ma muna cewa zuciya na bugawa fat-fat, jiki ya yi zafi zau. In za ka fita su ce odaiji ni, daidai da Allah ya ƙara sauƙi.

Shawarata, ka nemi ajin sa-kai na unguwarku. Kusan kowane birni yana da cibiyar hulɗa da baƙi inda dattawan da suka yi ritaya ke koyarwa kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. A can na samu ƙawayena na farko.

Ɗan Diffa

Ni abu biyu zan ƙara, gajeru. Kunnen Bahaushe yana da riba a nan. Obasan inna ce ko gwaggo, obaasan kaka ce, bambancin jan wasali ne kawai, kamar gari na zama da garin tuwo. Kite ka zo, kitte kan sarki na wasiƙa, kamar baba da babba. Ame ruwan sama da ame alewa, a Tokyo sautin murya ke raba su, yadda muke raba kukan yaro da kukar miya. Na ga Turawa suna fama da waɗannan, mu kuwa da nono muka sha su.

Na biyu, wanda ya iya Barbarci zai ji tsarin jimlarsu bai yi masa baƙo ba, don aikatau a ƙarshe yake zuwa, ƙananan kalmomin da ke nuna wuri da mallaka kuma suna bin bayan suna. Ni wannan ya rage mini hanya sosai.

Alhaji na motoci, Chiba

Yarona, ka saurari wannan da kyau, domin ni ne mutumin da abokinka yake kwatantawa. Shekarata 17 a ƙasar nan ina sayen motoci na hannu a wurin gwanjo ina turawa Kwatano. Ban taɓa zama a aji ba. A bakin makanikai da direbobin tirela da ma'aikatan tashar jirgin ruwa na koyi harshen. Ina ciniki, ina faɗa, ina ba'a da su, a waya wani ba ya gane baƙo ne sai na faɗi sunana.

To amma ga abin da ya biyo baya. Harshen gareji na koya. Shekaru ina ce wa kaina ore, ina ce wa mutane omae, ban san cewa a gaban babba ko a ofis wannan rashin ladabi ba ne, kamar ka shiga fada ka ce wa hakimi kai. Japanawa ba za su gyara maka ba, shiru za su yi, sai dai ka ga al'amarinka ya ƙi tafiya. Wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa ne ya ja ni gefe ya faɗa mini, bayan na yi magana da ma'aikacin banki a gabansa. Suna da harshen girmamawa da suke kira keigo, akwai na ɗaukaka wanda kake magana da shi, akwai na ƙanƙan da kai. Wannan ba a tsintarsa a titi.

Karatu kuma har yau da saura. Takardar gwanjo na san ta, na san inda ake rubuta tafiyar mota da inda ake rubuta shuufukureki, wato ko ta taɓa haɗari an gyara ƙashinta. Amma wasiƙar haraji ko ta makarantar yara, 'yata ce mai shekara 13 ke karanta mini. Uba ya zauna 'yarsa na karanta masa sirrin gidansa, abin yana mini nauyi a zuciya. Bana na soma zuwa ajin dare.

Ka kuma kula da ƙirga. Su da adadin da suke kira man suke lissafi, wato dubu goma. Hyaku-man miliyan ɗaya ne. A shekarata ta farko na taɓa yin kuskuren sifili ɗaya a waya, Allah ya sa wanda muke cinikin mai amana ne ya sake tambayata.

'Yar Katsina a Osaka

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka ta taɓa ni. Ni ta ɗaya gefen na shigo, kuma ina ganin ana raina zaman tebur a zancen nan. Zama cikin mutane yana buɗe kunne, amma kanji ba ya shiga ta iska. Hiragana 46 ne, katakana da ake rubuta kalmomin aro da su ma 46, mako biyu sun isa. Kanji na amfanin yau da kullum da gwamnati ta tsara a 2010 guda 2,136 ne, yawancinsu kuma karatu biyu ne ko fiye. Yaransu ma shekara tara na makaranta suke yi a kansu. Ni guda goma nake ɗauka kowace safiya bayan sallar asuba, in na fita in neme su a allunan tasha da jikin kaya. Wanda na gani a titi a ranar da na koye shi ba ya ɓace mini.

Jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, ana yin ta sau biyu a shekara a nan, Yuli da Disamba, daga matakin farko N5 zuwa na ƙoli N1. Kamfanoni da yawa N2 suke tambaya. Ba a gwada magana a cikinta sam, shi ya sa za ka ga mai N1 da ba ya iya hira, ga kuma irin su Baba Alhaji da suka fi shi baki nesa ba kusa ba.

Ni ma na sha nawa. Na iso da Japanancin littafi, sai na tarar a Osaka kalmar akan suke faɗi maimakon dame, wato bai yiwuwa, honma maimakon hontou, wato gaskiya, masu shaguna na cewa ookini a wurin godiya. Wata biyu ina zaton ban koyi komai ba. Ashe bambancin kamar na Sakkwatanci da Kananci ne, kunne na sabawa.

Ka riƙa karanta NHK News Web Easy. Labarai ne da sauƙaƙan Japananci, salon da aka soma tsarawa bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, lokacin da baƙi da yawa suka kasa gane sanarwar gaggawa.

Malamin lissafi, Fukuoka

Tun da an ambaci girgizar ƙasa: daren farko da wayata ta yi ƙara tana cewa jishin desu, ban san me take faɗa ba. Washegari na koyi hinanjo, wurin fakewa, na je na ga makarantar firamaren da aka ware wa unguwarmu. Da aka yi atisayen unguwa na fita, kuma daga ranar maƙwabta suka soma gaishe ni da suna.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gane a'a. Na gayyaci abokin aiki cin abinci ya ce chotto, ya ja numfashi. Ni na ɗauka yana nufin an jima kaɗan, na yi ta jira. Ashe ya riga ya ƙi. Daga baya na tuna mu ma mukan ce sai na duba, ko bari mu gani. Kuma in ka ce konnichiwa kawai aka ce maka nihongo jouzu desu ne, wai ka iya harshen, karamci ne irin na mai masauki, ka yi godiya ka ci gaba da koyo. Kalmar da na fi so ita ce otsukaresama desu, sannu da aiki ce tsaf. Ka riƙa faɗinta ga kowa a ɗakin bincikenku in za ka tashi.

Ɗan Zazzau mai shirin tafiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, Allah ya ba da sa'ar ajin dare. Saura mini wata uku. Yaya na Sendai, da me zan fara?

Bakano a Sendai

Ka haddace hiragana da katakana kafin ka hau jirgi, ka iya rubuta sunanka da katakana, don kowace takarda za ta tambaye ka. A filin jirgi za a ba ka katin zama, a nan ma ana iya neman izinin aikin awa 28, amma ka tambayi jami'arku ƙa'idarta ga masu gurbin gwamnati. Cikin kwana 14 da samun masauki za ka je ofishin gunduma ka yi rajistar adireshi. Ko an haɗa ka da ɗalibin da zai raka ka, ka roƙe shi ya tsaya a gefe, kai ka fara magana, in ka maƙale ya shigo. Kafin ka fito ka karɓi jadawalin zubar da shara, ka tambaye su ranar da ajin sa-kai ke zama. Ka turo mini ranar saukarka da sunan garin, in akwai namu a kusa zan haɗa ku.