Hunturu ya sa kajina a gaba, don Allah ku ba ni shawara

Uwargida daga Unguwar Rogo, Jos: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da kajin gida a bayan ɗaki, manya goma sha ɗaya da zakara, ga wata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki takwas makon jiya. Tun da sanyi ya kankama, da asuba sai in tarar da su a takure, gashi a tashe, ba mai son saukowa tono. Biyu suna atishawa, ƙwai ma ya ja baya. Akurkin rufin kwano ne, gabansa waya, ƙasa siminti. Maƙwabciyata ta ce in naɗe shi da leda ruf, in sa musu kaskon gawayi su kwana da shi, amma hankalina bai kwanta ba. Da kuɗin kajin nan nake biya wa yara makaranta, shi ya sa na damu.

Dattijo mai kiwo, Bukuru: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki rufe ruf. Babbar kaza mai cikakken gashi tana iya jure sanyin Jos, ko da dare ya sauko kusa da digiri 10. Abin da ke kayar da ita iskar da ke bugunta kai tsaye ne, da danshi a ƙasa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to wannan ɓangaren za ki toshe da buhu ko tamfol, ki bar tazarar tafin hannu a can sama kusa da rufi. Idan kika toshe ko'ina, numfashinsu da tururin kashinsu za su taru, da safe ki ga kwano yana ɗiga. Ki leƙa da kanki da asuba: in warin ya yi miki yaji a ido, to su kwana suka yi suna shaƙarsa, kuma atishawa kan fara daga nan.

Simintin nan ma yana zuƙe musu ɗumi. Ki je kasuwar Katako wurin masu yankan katako ki samo ɓawon da injin gogewa ke fitarwa, mai faɗi-faɗi, ba garin mai laushi ba don yana shiga hanci. Ki shimfiɗa kaurin yatsu huɗu, inda ya jiƙe ki kwashe. Sannan ki gitta musu sanda mai kauri su riƙa hawa, kaza in ta zauna a kai gashin cikinta na rufe mata ƙafa.

Wata Hajiya, Gangare: Ƙanwata, ki ƙara musu masara ko dawa da yamma kafin su shiga, su kwana da cikakken maƙoshi. Ruwan da ya kwana kuma kada ki ba su, ki sirka mai ɗan ɗumi da safe. Ni nakan jefa musu barkono da tafarnuwa a ciki.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Rikkos: Hajiya ta yi gaskiya a kan tsaba da ruwa. Barkono kuwa, a gafarce ni, ba ya hana annoba. Uwargida, atishawar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Lokacin hunturu ne cutar Newcastle, wata annobar kaji mai saurin yaɗuwa, ta fi kwashe kajin gida, ga shi a watan Disamba kaji na ta yawo daga kasuwa zuwa gidaje. Yau ɗin nan ki ware biyun nan nesa da sauran, da mazubin ruwansu daban. Ki duba: kashi kore mai ruwa, buɗe baki ana neman numfashi, fiffike a sake, ko wuya ya murɗe. Idan akwai ɗaya daga ciki, a kira likitan dabbobi. Ƙwayar cutar ba ta jin kafso, rigakafi ne kawai kariya, kuma masu lafiya ake yi wa, ba a ba wadda ta riga ta kamu.

Mu a Filato ba mu da uzuri, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom, tana yin maganin rigakafin. Akwai mai suna LaSota, akwai mai suna I-2 wanda ya fi jure rashin firji. Ana ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha marar sinadarin kulorin, a shanye cikin awa biyu, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta yi wa gida ɗaya yawa, sai ku haɗu da maƙwabta ku yi rana ɗaya. Duk sabuwar kazar da aka sayo ta yi mako biyu ita kaɗai tukuna. In kuma kika ga suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, tukku ya yi shuɗi, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin dabbobi, don murar tsuntsaye ma tana zuwa da irin wannan kama.

Uwargida: Allah ya saka da alheri, na ware su, kashinsu dai lafiya lau. To Baba, 'yan tsakin fa? Su ma babu gawayi?

Dattijo: Tunda uwarsu na nan, ita ce murhunsu. Ki sa ta da su a kwali ko kwando mai shimfiɗa a lungun da iska ba ta kaiwa, kada ki sake su sai hantsi ya dubi ludayi, raɓa ta bushe. Sai sun kai mako biyar zuwa shida gashinsu ke cika. Waɗanda ba su da uwa su ne ke buƙatar wuta, kusan digiri 33 a makon farko, ana ragewa duk mako. Ko su ɗin, a waje ake hura gawayin har ya ja babu hayaƙi, a kewaye kaskon da waya, a bar kafar iska, domin gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum ma, balle ɗan tsako. In kin ji suna tsiyau-tsiyau ba ƙaƙƙautawa suna cunkushewa, sanyi suke ji, ki cika kwalba da ruwan zafi ki naɗe da tsumma ki ajiye musu a gefe. Mazubin ruwansu ya zama marar zurfi, ki zuba tsakuwa a ciki kada su jiƙe.