Neman shawara: cike ramin ƙarƙashin falo da zuba daɓen kankare

Baban Amira: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Gidan da muke ciki a Bradford, ƙasar Ingila, tsohon ginin jan bulo ne, kuma daɓen falonsa katako ne da aka ɗora a kan rami mai zurfin kamar rabin mita. Danshi ya kama ramin, wasu katakan sun fara ruɓewa, kuma da hunturu sanyi daga ƙasa yake tasowa. Wani magini ya ce a cire katakon, a cike ramin, a zuba kankare a kan allunan riƙe ɗumi. Masu ilimin abin, me kuke gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin yana yiwuwa, tunda ƙa'idar gini a Ingila ta yarda da cikon da bai wuce zurfin milimita 600 ba. Ana zuba tsakuwa a daddanne ta, a baza yashi don kada kaifin dutse ya huda leda, a shimfiɗa leda mai kauri ta hana danshi wadda gefenta zai hau jikin bango, sannan allunan riƙe ɗumi na kumfa irin na kamfanin Celotex ko Kingspan, a rufe da kankare mai kaurin aƙalla milimita 100. Sai dai kafin ka kashe ko fam ɗaya, ka gano inda ruwan yake fitowa. Sau da yawa indararo ne ya fashe, ko ƙasar waje ta taru ta toshe bulo masu ƙofofin iska, alhali ana so ta kasance milimita 150 ƙasa da layin hana danshi na bango. Idan haka ne, gyaran katakon ya fi araha nesa ba kusa ba.

Hajiya Maman Sadik: Baban Amira, ka ji tsoron leda a tsohon gida. Danshin da ta hana fita ta daɓe yakan koma cikin bango, sai ka ga fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa. Shi ya sa masu gyaran tsofaffin gidaje suka fi son daɓen farar ƙasa, domin yana barin laima ta fice.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya ce. Kuma idan ɗakin da ke maƙwabtaka da falon zai ci gaba da zama a kan katako, dole a binne bututu cikin cikon don iska ta riƙa kai masa. Ka sanar da jami'an duba gini na ƙaramar hukuma tun kafin a fara, saboda za a nemi takardarsu ranar da za ka sayar da gidan.

Baban Amira: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan sa a fara duba indararon da ƙofofin iskar.